Me Ya Sa Ƙiba Take Dawowa?

Yau shirinmu na musamman zai taɓa abin da yake ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya. Mutum ya wahala, ya bar cin dare, ya bar lemon kwalba, har riga ta fara yi masa yawa, sai shekara ta zagayo ya ga ƙibar ta dawo, wani lokacin har da ƙari. Me ya sa haka?

A wurinmu, idan magidanci ya ajiye teɓa, cewa ake yi kuɗi sun zauna. Amarya ta yi wata uku a ɗaki ba ta ciko ba, a fara tambayar ko lafiya. Har akwai 'yan matan da suke shan ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe, alhali wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da suke kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ciwo ta ɗauki ƙibar da ta wuce ƙima, kuma ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita. Ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa duk suna biyo bayanta.

Ga gwajin da za ku iya yi a gida. Ku sami igiya, ku yanke ta daidai tsayinku daga ƙafa zuwa ka, ku ninka ta biyu, sannan ku zagaya ta a ciki, wajen cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mafi hatsari domin yana kewaye da hanta da hanji.

To, mu koma kan tambayarmu. A 1994 wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, da abokan aikinsa suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki yake fitarwa don ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke nan. Idan mutum ya rame, sinadarin sai ya ragu. Ƙwaƙwalwa ba ta san cewa da gangan ake yi ba, gani take fari aka shiga. Sai ta buɗe wa mutum cin abinci, ta kuma sa jiki ya fara tsimin ƙarfin da yake ƙonawa.

An ga wannan ƙarara a wani bincike da aka fitar a 2016, kan mutum 14 da suka zubar da ƙiba mai yawa cikin 'yan watanni a wata gasar talabijin ta Amurka. Bayan shekara shida, 13 daga cikinsu nauyi ya sake hawa, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 a rana ƙasa da yadda ya kamata ga masu girmansu. Mutanen nan ba ragwaye ba ne. Saboda haka, don Allah, mu daina yi wa masu ƙiba gorin ci. Gori bai taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba, sai dai ya hana shi zuwa asibiti don kunya.

Abin farin cikin shi ne, ba sai mutum ya koma siriri zai ga amfani ba. Wani babban bincike na 2002 ya bi mutum sama da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon sukari. An nemi wasunsu su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a tsakaninsu. Ga mai kilo 90, kimanin kilo 6 ke nan.

Kuma ba wani abincin ƙasar waje ake buƙata ba. Alhaji, malmala biyu ta koma ɗaya, a yawaita miyar ganye, a rage man da yake kwanciya a samanta. Ga zogale, ga rama, ga wake. Ka dubi hannun mai shayi lokacin da yake zuba maka sukari da madarar gwangwani, ka ce masa ya isa. Robar lemo mai rabin lita tana iya ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 12. Hajiya, idan fita ba ta samu ba, zagayen tsakar gida na rabin awa bayan sallar asuba ma tafiya ce. Duk tsarin da kuka san ba za ku iya riƙe shi shekara biyar ba, kada ku fara shi.

Shayin rage teɓa da ake tallarsa a soshiyal midiya kuwa, yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa. Ruwan jiki ne yake fita, kitsen yana nan, ƙoda kuma tana wahala. Allurai irin su Ozempic da Wegovy suna aiki, amma suna da tsada, sai likita ya rubuta, kuma galibin waɗanda suka daina sun ga yawancin nauyin ya dawo.

Wanda igiyarsa ba ta haɗu ba, ya daure ya je asibiti mafi kusa a auna masa sukari da hawan jini a wannan makon.