Tabar Wiwi a Matsayin Magani: Doka, Tsada da Majinyatan Arewacin Zamfara

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, da zarar an ambaci tabar wiwi, abin da ke zuwa a zuciya shi ne maye da lalacewar matasa. A arewacin Zamfara kuwa, inda ta'addancin 'yan bindiga ya addabi Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, ana danganta ta da masu ɗauke da makamai a daji. Wannan maƙala tana bayani ne a kan wani ɓangare na daban, wato magungunan da ake tacewa daga tsiron, da gyaran da dokar Nijeriya ke buƙata domin su isa ga marasa lafiya a farashi mai sauƙi.

Abin da likitanci ya tabbatar

Tsiron yana ɗauke da manyan sinadarai biyu: THC mai sa maye, da CBD wanda ba ya bugarwa. A 1985 Amurka ta amince da maganin dronabinol domin rage amai ga masu karɓar maganin ciwon daji. A 2018 ta amince da Epidiolex, wato tataccen CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya ba sa samun sauƙi da magungunan da aka saba bayarwa. Wannan ya shafi yankin kai tsaye, domin a ƙaramar hukumar Zurmi ne annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017 ta fara ɓulla, kuma sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna daga cikin cututtukan da kan bar yara da farfaɗiya.

Matsayin doka

Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, kafin a sassauta ta daga baya. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, kuma har yanzu noma da sayarwa da mallaka duk laifi ne. Damuwar hukuma tana da tushe: binciken da aka gudanar a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Nijeriya. A Disamba 2020, kwamitin Majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar 1961 da ƙuri'a 27 kan 25, Nijeriya tana cikin masu adawa. Ƙudurin da 'yan Majalisar Wakilai irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha suka gabatar a 2023 bai samu wucewa ba. Lesotho kuwa ta fara ba da lasisin noma domin magani tun 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021.

Mahangar fiƙihu

Tun shekarar 2000 Zamfara ke aiki da shari'ar Musulunci, don haka duk gyaran da bai samu fahimtar malamai ba zai yi wuyar karɓuwa. Malamin Malikiyya Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bambanta abubuwa uku a littafinsa Alfuruƙ: mai sa maye, da mai gurɓata hankali, da mai gusar da ji da gani. Wannan rarrabewa ta ba malamai da likitoci madogarar tattauna hukuncin sinadarin da ba ya taɓa hankali, wanda likita ya rubuta bisa lalura.

Tsada da nisa

Gyaran doka kaɗai ba zai wadatar ba. Lokacin da Epidiolex ya shiga kasuwa, an ƙiyasta kuɗinsa a kan dala 32,500 a shekara. Magidancin Birnin Tsaba da ke da yaro mai farfaɗiya sai ya kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato, a kan hanyoyi masu haɗari. Saboda haka gyara yana buƙatar matakai huɗu. Na farko, doka ta raba tataccen magani da ganyen da ake busawa. Na biyu, hukumar NAFDAC ta yi rajistar magungunan tare da auna yawan THC ɗinsu. Na uku, a ba jami'o'i da kamfanonin cikin gida izinin bincike da sarrafawa ƙarƙashin sa idon NDLEA, domin farashi ya sauka. Na huɗu, a saka maganin cikin inshorar lafiya da dokar 2022 ta tanada, a kuma horar da likitocin manyan asibitocin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Kammalawa

Wajibi ne a fara wadata asibitocin karkara da magungunan farfaɗiya na yau da kullum masu araha, domin su ne ke amfanar mafi yawan majinyata. Yaran da waɗannan suka gaza taimaka musu su ne dalilin wannan kira. Matuƙar doka ta ci gaba da yi wa magani da abin maye kuɗin goro, iyalai masu hali za su nemo shi daga ƙasashen waje, talakawa kuma su koma ga haɗe-haɗen da ba a auna ba.