Ambaliya da Gishiri: Yadda Koguna Suka Raini Misira da Iraƙi ta Dā

Manyan biranen farko na duniya a bakin koguna suka tsiro, amma fa kogi suna ya tara. Halin kowane kogi shi ya tsara wa mutanensa yadda za su yi noma da mulki. Misira da ƙasar da ake kira Iraƙi a yau sun isa misali.

Ambaliyar Kogin Nilu daga ruwan daminar tsaunukan Habasha take tasowa. A dā takan iso Misira wajen watan Yuli, ta cika ta batse a Satumba, sa'an nan ta janye ta bar baƙar laka mai albarka daidai lokacin shukar alkama da sha'ir. Saboda ba ta cika saɓa lokaci ba, Misirawa suka kasa shekararsu mai kwana 365 gida uku: ambaliya, shuka da girbi. Kogin yana gangarawa arewa, iska kuwa tana kaɗawa kudu, don haka jirgi ya samu hanyar zuwa da ta dawowa. Wannan ya taimaka wajen haɗe ƙasar a ƙarƙashin sarki guda wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Dijla da Furatu ba haka suke ba. Narkewar ƙanƙara a tsaunukan Turkiyya ita ke cika su a Afrilu da Mayu, lokacin da amfanin gona ya kusa girbi. Dole mutane suka gina madatsai don kare gonaki, suka haƙa hanyoyin ruwa don ban ruwa. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai da shugabanci da doka. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ɗora wa wanda ya yi sakaci da madatsarsa biyan hatsin da ruwa ya ɓata wa maƙwabta.

Babbar matsalar kuwa gishiri ce. Ƙasar kudancin Iraƙi shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya tsiyayewa. Idan rana ta busar da shi, gishirin da ke cikinsa yakan zauna a gona. In ya yi yawa, saiwa ba ta iya jan ruwa, sai tsiro ya yi yaushi alhali ƙasa tana da danshi. Sha'ir ya fi alkama jure gishiri, shi ne ma ya zama babban abincin yankin. Misira ta tsira domin ambaliya tana wanke gonakinta kowace shekara, har zuwa 1970 da aka kammala babbar madatsar Aswan. Daga nan manoma suka ƙara dogara da takin zamani da magudanan tsiyaye ruwa.

Darasin ya shafi masu noman rani a Kadawa, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga. Kai ruwa gona rabin aiki ne, sauran rabin shi ne yi masa hanyar fita.