Yadda Ake Gano Abin Da Ya Lalace A Babban Allon Kwamfuta

Babban allo shi ne faffaɗan farantin nan da ke cikin kwamfuta, wanda sauran sassa duka suke zaune a kansa. A ofisoshi da yawa, da zarar kwamfuta ta ƙi tashi sai a yanke hukunci cewa allon ya mutu, a jibge ta a sito, a rubuta takardar neman sabuwa. Alhali kuwa sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙanƙane ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Mai gyara na kirki ba ya fara zargin allon sai ya wanke sauran. Yakan auna akwatin wuta da mita, ya ga ko yana ba da bolt 12 da 5 da 3.3 kamar yadda ya kamata. Sa'an nan ya zare katin RAM, ya share ƙura, ya mayar. In agogon kwamfuta ne yake komawa baya duk lokacin da aka kashe ta, to, laifin ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, watau CR2032 mai bolt 3, canza shi kuwa aikin minti ɗaya ne.

Bayan haka sai a duba kafasita, waɗansu 'yan gwangwanaye da ke tsaitsaye kusa da furosesa. Aikinsu shi ne tara wuta da daidaita ta kafin ta isa wurin da ake bukata. A cikin irin na da akwai ruwan sinadari, zafi kuwa shi ne babban maƙiyinsa. Akan rubuta digiri 105 a jikin masu kyau, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanan kafasita. Ashe ke nan ofishin da fankar kwamfutarsa ta toshe da ƙura yana cin kwanakinta bai sani ba. Lafiyayyen kafasita kansa a shafe yake. Wanda ya lalace sai a ga kan ya kumbura, ko wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kai. Kwamfutar takan riƙa daskarewa ko ta mutu da kanta ana cikin aiki.

Wannan ciwo ya taɓa zama annoba. Daga wajejen 1999 zuwa 2007 miliyoyin kafasita masu gurɓataccen sinadari, galibinsu ƙirar Taiwan, suka shiga kasuwa. Kamfanin Dell ma ya sha fama da kumburin kafasita a kwamfutocinsa ƙirar OptiPlex GX270 da GX280, har a 2005 ya ware wajen dala miliyan 300 domin wannan gyara.

Wajen canzawa, lalle ne sabon ya yi daidai da tsohon a yawan abin da yake ɗauka, bolt ɗinsa kuma kada ya gaza na tsohon, ko da yake ba laifi in ya fi. Yana da ƙafa biyu, kowace da raminta, an kuma ja layi a jikinsa domin nuna ƙafar ragi. In aka juya shi, yana iya fashewa. Wahalar tana wurin cire tsohon, domin allon hawa-hawa ne, da shimfiɗun jan ƙarfe a ciki masu shanye zafi. Bugu da ƙari, tun 2006 da Tarayyar Turai ta hana sa dalma, abin liƙin da ake amfani da shi ba ya narkewa sai wajen digiri 217, maimakon 183 na da. Mai gaggawa da ƙaramin ƙarfen liƙi sai ya fizgo ƙafar tare da bangon ramin, allon da ake son ceta ya tashi aiki gaba ɗaya.

Kafin a taɓa kome, a zare filogi, a kuma dafa ƙarfen akwatin domin sauke wutar da jiki yake tarawa, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga take tartsatsi.