Josephine Bakhita: Baiwar da aka sayar a kasuwannin Sudan ta zama waliyyar Cocin Katolika

Kowace ranar 8 ga watan Fabrairu, mabiya ɗariƙar Katolika a faɗin duniya kan yi addu'o'i na musamman domin mutanen da suka faɗa hannun masu fataucin bil'adama. An fara wannan a 2015 bisa umarnin Paparoma Francis, aka kuma ɗora shi a kan ranar rasuwar Josephine Bakhita, ƴar asalin Darfur wadda ta sha ɗacin bauta tun tana yarinya. A yau ita ce waliyyar da cocin ke ɗauka a matsayin majiɓinciyar Sudan da ta waɗanda aka yi safararsu.

An haife ta wajajen 1869 a ƙauyen Olgossa, kusa da Nyala, cikin ƙabilar Daju. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka kira ta Bakhita, wato mai sa'a a Larabce. An sayar da ita sau da dama tsakanin El Obeid da Khartum. A gidan wani janar na sojojin Turkiyya aka tsaga jikinta da aska wuri 114, aka cusa gishiri cikin raunukan don tabon ya zauna.

A 1883 ƙaramin jakadan Italiya a Khartum, Callisto Legnani, ya saye ta. Bayan shekara biyu ya tafi da ita Italiya, inda ta koma hannun iyalan Michieli tana renon ƴarsu. Da uwar gidan za ta yi tafiya zuwa Sudan, sai ta bar yarinyar da Bakhita a wurin sistocin Canossa a birnin Venis. Da ta dawo ɗaukarsu, Bakhita ta ce ba inda za ta. Magana ta kai gaban shari'a, kuma ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke hukunci cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka Bakhita ƴa ce.

An yi mata baftisma a Janairu 1890, ta ɗauki alƙawarin zama sista a 1896. Daga 1902 ta zauna a garin Schio na arewacin Italiya, tana girki, tana kula da kayan majami'a, tana tsaron ƙofa, har ta rasu a 1947.

Yadda ake zama waliyyi

A ƙarnonin farko na Kiristanci jama'a da bishop ɗinsu ne ke ayyana waliyyi, galibi wanda aka kashe saboda addininsa. Sai a 993 aka samu na farko da Paparoma ya ayyana da kansa, wato Ulrich na Augsburg. Daga baya aikin ya koma hannun fadar Vatikan gaba ɗaya, kuma a yau akwai ma'aikata guda da ba ta da wani aiki sai bin waɗannan takardu.

A ƙa'ida sai mutum ya shekara 5 da rasuwa kafin a buɗe bincike a kansa, sai dai in Paparoma ya ɗage sharaɗin, kamar yadda aka yi wa Mother Teresa da Paparoma John Paul na biyu. Bishop na yankin da mutumin ya rasu ne ke fara tattara rubuce-rubucensa da jin shaidu, masu yabo da masu suka. A wannan mataki ana kiransa Bawan Allah. Idan Vatikan ta gamsu cewa ya nuna imani da kyawun hali fiye da yadda aka saba, sai Paparoma ya ba shi laƙabin Abin Girmamawa.

Mataki na uku, na Mai Albarka, ya fi wuya. Ana buƙatar mu'ujiza guda da cocin ya yarda ta faru bayan an nemi mamacin ya yi roƙo a wurin Allah. Yawanci warkewa ce daga cuta. Kwamitin likitoci ne ke fara duba takardun asibiti, su tabbatar warkewar ta zo farat ɗaya, ta cika, ta ɗore, kuma ilimin likita bai iya bayyana ta ba. Sannan malaman tauhidi da kadinal-kadinal su duba, Paparoma ya sa hannu. Wanda aka kashe saboda addini ba ya buƙatar mu'ujiza a wannan mataki. Kafin a kai ga cikakken walittaka kuwa, sai an samu wata mu'ujizar da ta faru bayan an ayyana shi Mai Albarka. Bambancin shi ne, Mai Albarka ana girmama shi a yankinsa ko ƙungiyarsa, waliyyi kuma a duk duniya.

A da akwai wani jami'i da ake wa laƙabi da lauyan shaiɗan, aikinsa tono duk wani aibi na wanda ake bincike a kansa. Gyaran da John Paul na biyu ya yi a 1983 ya rage masa ƙarfi, ya kuma sa aikin ya yi sauri. Masu suka na ganin saurin ya yi yawa.

Na Bakhita dai bai yi sauri ba. An buɗe bincike a 1959, ta zama Abar Girmamawa a Disamba 1978, Mai Albarka ranar 17 ga Mayu 1992, sannan waliyya ranar 1 ga Oktoba 2000, shekara 53 bayan rasuwarta. Mu'ujiza ta biyu da aka amince da ita warkewar wata mata ce mai ciwon sukari a birnin Santos na Brazil, wadda gyambo ya ci ƙafafunta.

Wa ke zaɓen majiɓinci?

A koyarwar Katolika ba a bauta wa waliyyi, ana neman ya yi roƙo ne a madadin masu rai. Kiristoci ƴan Furotesta ba su yarda da wannan ba. Majiɓinci shi ne waliyyin da wata ƙasa, gari, majami'a ko masu sana'a suka ɗauka a matsayin nasu. A hukumance limamai da jama'ar wurin ne ke zaɓa, bishop ya amince, Vatikan ta tabbatar. Sau da yawa kuma jama'a ke riga hukuma, su haɗa waliyyi da abin da ya yi kama da rayuwarsa. Haka Charles Lwanga, ɗaya daga cikin shahidan Yuganda 22 da aka ayyana a 1964, ya zama na matasan Afirka. Haka nan mutane suka fara kiran Carlo Acutis, ɗan Italiya mai shekara 15 da ya rasu a 2006, waliyyin intanet tun kafin a ayyana shi a Satumba 2025.

Bakhita kuwa rayuwarta ce ta haɗa ta da waɗanda aka yi fatauci da su. Labarin ba baƙo ba ne a Nijar. A 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, cewa gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar CFA miliyan 10. A Nuwamba 2017 tashar CNN ta nuna hotunan gwanjon ƴan ci-rani a Libiya, hanyar da dubban matasan Afirka ta Yamma ke bi ta Agadas.

Ƙungiyar sistoci mai suna Talitha Kum, wadda aka kafa a 2009 don yaƙi da safarar mutane, ita ke jagorantar shirye-shiryen ranar 8 ga Fabrairu a ƙasashe da dama. Gawar Bakhita na nan a Schio, inda masu ziyara ke zuwa. Darfur inda aka haife ta kuwa na cikin yaƙi tun Afrilu 2023, kuma dubban ɗaruruwan mutanen yankin sun tsallaka Chadi suna gudun hijira.