Jirgin da ya Nutse a Elmina da Tarihin Kalmar Kuɗi

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin Nima da Mamobi cikin Accra, masu sayar da kayan magani sukan baza wuri a tire. Yaro zai ɗauka abin ado ne kawai, alhali da shi kakanninsa suka yi ciniki. Wannan takarda za ta duba yadda binciken tsohon jirgi ya haskaka hanyar da wuri ya bi.

2.0 Binciken

Elmina gari ne a bakin teku, yamma da Accra. Turawan Fotugal suka gina ganuwarsa a 1482, Turawan Holan suka ƙwace ta a 1637. A 2003 Gregory Cook na Jami'ar Syracuse ta Amurka ya yi amfani da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa, ya gano wani jirgi kwance a ƙarƙashin teku kusa da ganuwar. Da aka nutsa, sai aka tarar da tasoshin tagulla jere cikin juna, da mundaye, da duwatsun ado, da wuri. Masana na kyautata zaton shi ne Groeningen, jirgin Holan da ya kama wuta ya nutse a 1647.

3.0 Wuri da Kuɗi

Irin wannan wuri daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya yake fitowa. Jiragen Turawa kan sauke shi a gaɓa, fatake su yi arewa da shi. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Sharefa (1703-1731) wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma da shi aka riƙa sayen goro a Salaga ta Gwanja. Ɗalibi ya lura: jam'in wuri shi ne kuɗi, keso kuwa wuri 20,000 ne. Haka ma sidi, kuɗin Ghana tun 1965, daga sunan wuri a harshen Akan ya samo asali.

4.0 Mai Bincike da Mai Neman Dukiya

Mai neman dukiya yakan tsinci abu ya sayar. Mai bincike kuwa sai ya auna inda abin yake, ya rubuta abin da ke kusa da shi, kafin ya taɓa. Da an kwashe tasoshin nan an narkar, da babu mai sanin shekarunsu ko jirgin da ya kawo su. Shi ya sa dokar Ghana ta 1969 ta hana tonon kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

5.0 Kammalawa

Ke nan, wuri guda a mazauninsa na asali ya fi keso a hannun mai tsintuwa amfani ga ilimi. Ɗalibai su tambayi dattawan zango karin magana uku masu ɗauke da kalmar wuri, su kawo aji.