Wane Cokali Likita Yake Nufi?

A kasuwar Samaru, uwa za ta tsaya ta yi ta gardama da mai awo a kan tiyar da ba ta cika ba. Amma in ta shiga kemis aka miƙo mata kwalbar maganin zazzaɓin yaro, aka ce "cokali ɗaya, sau uku," sai ta ce to, ta kama hanya.

Cokalin da likita ke nufi mililita 5 ne, abin da ake rubutawa 5ml. Babban cokali 15ml ne, ninki uku ke nan. Su kuwa cokulan da ake kasawa a kasuwar Sabon Gari, kowanne da zurfinsa, domin don shayi da shinkafa aka ƙera su. A nemi sirinji marar allura, ko a yi amfani da ɗan kofin awon da ke zuwa da kwalbar. In an ga cc a jikin sirinji kada a rikice, 1cc shi ne 1ml.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne ƙarfin maganin. Farasitamol na ruwa yawanci 120mg ne a cikin kowane 5ml. Amma akwai na jarirai, mai ɗigo, wanda ke da 100mg a cikin 1ml kacal. In aka ɗura wa jariri 5ml na wannan, ya sha 500mg, daidai da ƙwaya guda ta babban mutum. Suna ɗaya, ƙarfi ya haura ninki huɗu. Shi ya sa ba a aron awo daga maƙwabciya, ko da yaran sa'o'in juna ne. Da nauyin yaro ake lissafi. Kuma farasitamol ba ya wuce sau 4 a awa 24, komai zafin jiki.

Mutanen Zariya ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙorin da ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya daga ƙarshen 2008, har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na ABU. Wancan gurɓatacce ne tun daga masana'anta. Sai dai magani mai kyau ma yana illa in awo ya zarce.

Ga masu haɗa ORS na gudawa: lita ɗaya 1,000ml ce. Ledar fiya wata mai 50cl rabin lita ce, don haka ƙunshin da aka rubuta wa lita ɗaya leda biyu yake so. Rage ruwan "don ya yi ƙarfi" gishiri yake ƙara wa yaron da jikinsa ya riga ya bushe.

In kuwa an riga an zarce da farasitamol, a garzaya asibiti da yaron da kwalbar, ko da yana wasansa lafiya lau. Illarsa a hanta take, kuma takan yi kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana.