Akwatin wifi na shago: ƙofa ce, a sa mata kwaɗo

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata ƴan kasuwa, a wani shirinmu na rediyo wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Tahoua ta kira mu cikin ɓacin rai. Ta ce ɗanta da ke bida a Abidjan ya sayo mata akwatin wifi domin ta riƙa aika hotunan kaya ta WhatsApp ga masu sari a Keita da Bouza, amma forfen da ta zuba na wata guda bai kai kwana 10 ba ya ƙare. Da muka je shagon tare da wani matashi mai gyaran salula, ya buɗe akwatin, sai ga wayoyi 14 suna shan intanet ɗinta, alhali biyu kawai ta sani.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan akwati, wanda masana ke kira ruta, shi ne ƙofar da ke tsakanin shagonki da duniya. Ko katin Airtel ne a cikinsa, ko na Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, ko kuwa an jona shi da Starlink da ya fara aiki a ƙasarmu a 2025, aikinsa ɗaya ne: duk saƙon da zai shiga ko ya fita, ta nan yake bi. Kuma yawancinmu yadda aka fito da shi daga kwali, haka muke barinsa.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, akwatin yana da mabuɗi biyu. Akwai kod ɗin wifi da ake bai wa waya, akwai kuma kod ɗin mai gida, wanda da shi ake shiga a canza tsarin akwatin baki ɗaya. Ana shiga ne ta hanyar rubuta wata lamba a wayar da ke jone da shi, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ko 192.168.8.1 a akwatunan Huawei da yawa, kuma lambar tana rubuce a takardar da ke manne a gindinsa. A akwatuna masu yawa, suna da kod ɗin mai gida duk kalma ɗaya ce, wato admin, kuma kowane yaro mai wayo ya san haka.

Kada a ɗauki wannan wasa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada irin waɗannan kod na kamfani, kusan guda 60, har ta mallake dubun dubatar akwatuna da kyamarori. Da irinta aka kai hari kan intanet ɗin ƙasar Laberiya, kuma a watan Nuwamba na shekarar akwatuna kusan 900,000 suka tsaya cik a Jamus. Masu akwatunan ba su yi laifin komai ba, illa barin ƙofa yadda masassaƙi ya kawo ta.

Saboda haka, matakin farko a canza kod ɗin mai gida, a rubuta shi a littafin bashi a adana a gida, kada a manna shi a bangon shago. Na biyu, a canza kod ɗin wifi ya kai harufa da lambobi 12 ko fiye, ban da lambar wayarki ko sunan ɗanki. A wurin zaɓen nau'in tsaro a ɗauki WPA2, ko WPA3 idan akwai, a guji tsohon nan WEP domin cikin mintoci ake fasa shi. Sannan a kashe WPS, wato hanyar jona waya ba tare da rubuta kod ba, tun 2011 aka gano ana iya cankar lambobinsa 8.

Sai katangar tsaro, wadda a akwatin da ke Faransanci za a ga an rubuta pare-feu. Aikinta kamar na maigadi ne: saƙon da wayarki ta nema tana barin amsarsa ta shigo, wanda kuwa ya ƙwanƙwasa daga waje ba a kira shi ba, ta mayar da shi. Wasu masu gyara sukan kashe ta da sunan wai rezo zai ƙara gudu. Ba gaskiya ba ne, a bar ta a kunne. A kusa da ita akwai wurin ba da izinin sarrafa akwatin daga nesa, da wani mai suna UPnP da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa; mai shago da aikinta bai wuce WhatsApp da aika kuɗi ba, ba ta buƙatarsu, a kashe su.

Akwai kuma wuri mai suna DNS, wanda shi ne ɗan jagoran da ke nuna wa waya hanyar shafin da ta nema. Idan ɓarawo ya samu kod ɗin mai gida ya canza shi, yana iya kai mutum shafin bogi mai kama da na banki, a rubuta lambar sirri da hannu a miƙa masa. A nan asarar ta wuce ta forfe, ta taɓa jari. Idan ba ke kika sa a canza shi ba, ya zauna yadda kamfanin layi ya tsara.

To, ina batun maƙwabta? Mun san halinmu na Adarawa, da wuya maƙwabciyar rumfa ta roƙi kod a hana ta. Matsalar ita ce wayoyin yanzu suna iya nuna kod ɗin a wani hoto mai ɗigo-ɗigo, wani ya ɗauka da kyamara ya shiga. Haka kod ɗin Hajiya ya zaga layin ƴan atamfa. Maganin shi ne a buɗe wifi na baƙi, mai suna daban da kod daban, wanda akwatuna da dama ke da shi. A wasu har ana iya rage masa gudu ko ƙayyade yawan wayoyi. Kin yi zumunci, kuma wayar da kike karɓar kuɗi da ita tana ɗakinta daban. Kod ɗin baƙi kuwa a riƙa canza shi duk ƙarshen wata.

Ga masu sayar da tikitin wifi a unguwanni da tashoshin mota, waɗanda da yawansu ke aiki da akwatin MikroTik, muna tunatar da su cewa a 2018 an gano wata ɓaraka a cikinsa da ke tona kod ɗin mai gida, kamfanin kuma ya toshe ta a sabuwar manhaja. Wanda bai sabunta ba, amanar abokan cinikinsa yake wasa da ita. Masu kutse kuma su sani, tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, shiga na'urar wani ba izini yana cikinsu.

Shawararmu ta ƙarshe, idan kin kira mai gyara, ki zauna kusa da shi, ke za ki rubuta kod ɗin mai gida da hannunki, ya kuma nuna miki inda ake ganin jerin wayoyin da ke jone. Aikin shagon Hajiya bai kai rabin awa ba, kuma wata na gaba forfenta ya kai ƙarshe har da saura. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.